Yaushe Ake Cewa "I Must Admit", Kuma Me Ya Raba Shi da "Confess"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaci ne, kuma kusan duk rubutun ofishinmu da Turanci ake yin sa. A makaranta an koya mana cewa "admit" amsa laifi ne, amma ina yawan jin masu Turanci suna cewa "I must admit" a wurin da ban ga laifin da suka yi ba. Kwanan baya kuma aka ba ni takardar neman ba'asi saboda makara, na amsa da "I admit to have come late". Shugabana ya ja wa jimlar layi da jan biro, bai ce mini komai ba. Ina kuskuren yake? Da "confess" na sa, da ya fi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. Abin da aka koya muku a makaranta ba ƙarya ba ne, amma rabin zancen aka ba ku. "Admit" na nufin mutum ya yarda da wata gaskiya wadda ba don dole ba, da bai furta ta ba. Laifi yana cikin irin wannan gaskiyar, shi ya sa malamai suka tsaya a kansa. Amma akwai abubuwa da yawa da suke yi wa baki nauyi alhali mai faɗarsu bai zalunci kowa ba: cewa abokin hamayyarsa ya fi shi, cewa shawarar da ya raina ita ce ta yi aiki, cewa bai san amsar tambaya ba, cewa tsoro ya kama shi. Duk waɗannan da "admit" ake faɗarsu.

Ka ɗauki mutumin da ya daɗe yana goyon bayan Real Madrid, kullum a majalisa aikinsa kushe Messi. Ranar da Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Ƙatar cikin Disamban 2022, sai ya nisa ya ce, "I must admit, he is the best I have seen." Wa ya cuta? Babu kowa. Idonsa ne ya ga abin da zuciyarsa ba ta so, gardama ta ƙare masa. Da Hausa cewa zai yi, "Tsakani da Allah dai, mutumin nan ya iya ƙwallo," ko "Gaskiya ko ba a so, a faɗe ta." Wannan "must" ɗin da ke ciki ba umarnin wani ba ne. Gaskiyar ce ta fi ƙarfinsa.

Saboda haka kafin ka ce "I must admit", ka tambayi kanka: mene ne yake riƙe ni daga faɗin wannan magana? In akwai abin, wato girman kai, ko kunya, ko wata magana da ka yi a baya wadda yanzu za ka janye, to furucin ya zauna daram. In babu komai, ka cire shi, domin mai sauraro zai neme masa dalili da kansa, kuma dalilin da zai samo ba lalle ya yi maka daɗi ba.

A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. An gayyace ka cin abinci gidan wani Bature abokin aiki, matarsa ta yi girki, ka ci ka ƙoshi, kana son ka yaba, sai ka ce, "I must admit, the food is delicious." Kai a ranka ka ce gaskiya abinci ya yi daɗi. Ita kuwa abin da zai shiga kunnenta ya fi kama da, "Ashe dai kin iya girki!" Kowane Bahaushe ya san abin da wannan "ashe" ke ɗauke da shi: da ban zaci haka ba. Haka in ka ce wa wanda ya gabatar da rahoto, "I must admit, you did well", ka yabe shi, amma ka kuma sanar da shi cewa ba ka yi masa tsammanin abin kirki ba. In da ma ka yi adawa da shirinsa a bainar jama'a, wannan jimlar ita ce ta dace, kuma dattaku ne. In kuwa ba ka taɓa yi ba, ka ce "You did very well" ka yi shiru. A Turancinmu na Najeriya an mayar da "I must confess" da "I must admit" wani abin ƙarfafa yabo kawai, kamar yadda muke cewa "wallahi" ko "gaskiya", kuma tsakaninmu ba mai jin haushi. Ni dai ba na kiran wannan kuskure idan ana hira ta gida. Amma in takardarka za ta je hannun wanda ya tashi a Landan ko Toronto, ka san yadda zai karanta ta.

Sanin asalin kalmar yana taimakawa. Daga Latin ta fito, kuma ma'anarta ta farko ita ce a bar mutum ya shiga. Wannan ma'anar tana nan da ranta, kuma kai ma ka san ta: admishan ɗin da ɗalibai ke jira daga JAMB, da marar lafiyar da aka ba gado a asibiti aka ce "he was admitted", da allon da ake mannawa a ƙofa mai rubutun "No admittance". Ma'anar yarda da gaskiya daga nan ta tsiro. Kamar baƙo ne ya daɗe yana sallama a ƙofar zaure, mai gida yana ji yana noƙewa, daga ƙarshe ya ce a shigo.

Yanzu mu zo kan jimlarka. Shugabanka yana da gaskiya, ko da yake da ya faɗa maka dalili da ya fi. Matsalar tana kan "to". A Turanci "to" iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa gaban aikatau tsura, kamar "I want to go" ko "I hope to see you". Akwai kuma wanda ke nuna wajen da aka dosa, kamar "I went to Kano", kuma wannan na biyun suna ne ke bi masa baya, ko aikatau mai ƙarewa da "-ing" wanda ke tsayawa a matsayin suna. "To" ɗin da ke bin "admit" na biyun ne. Shi ne dai wanda ke cikin "I look forward to seeing you", inda mutane da yawa ke kuskuren rubuta "to see you". Saboda haka "I admit to have come late" ba ta yi ba. Waɗanda suka yi su ne "I admit to coming late", ko "I admit to having come late", ko ka jefar da "to" ɗin gaba ɗaya ka ce "I admit coming late". Mafi sauƙi kuma mafi tsafta ita ce "I admit that I came late". Wannan nake ba ɗalibai shawara su riƙe, domin bayan "that" cikakkiyar jimla ce kawai za ka kawo, ba inda za ka zame. In suna ne zai biyo baya, duka biyu sun halatta: "He admitted his mistake" da "He admitted to the theft".

Akwai wani kuskuren da Hausa ce ke jawo mana shi. Muna cewa "ya faɗa mini", "ya gaya wa babansa", sai mu ɗauko tsarin "he told me" mu ɗora wa "admit", mu ce "He admitted me that he lost the money." Wannan ba ta yi ba. Wanda aka yi wa maganar dole "to" ya gabace shi: "He admitted to me that he lost the money", "She admitted to her father that she had failed." In ka ce "he admitted me", ka koma ma'anar farko, wato ya ba ni izinin shiga ko ya kwantar da ni a asibiti.

Batun "confess" kuwa, gara da ba ka sa shi ba. Nauyinsa ya wuce makara. Kalma ce da ta daɗe a coci da kotu. A cocin Katolika, tun babban taron Lateran na shekarar 1215 aka wajabta wa kowane mabiyi ya je gaban limamin coci ya faɗi zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma wannan shi ake kira "confession". Ƙamshin zunubi da tuba bai rabu da kalmar ba har yau. Akwai kuma wani bambanci na yadda maganar ke fitowa. Sau da yawa mai "admit" an riga an tuhume shi ne, ko hujja ta bayyana, sai ya ce haka ne. Mai "confess" kuwa yakan buɗe abin da ke ɓoye a cikinsa, wani lokaci ma ba wanda ya tambaye shi. Wanda ya makara kowa ya gan shi yana shigowa, rajista ma ta nuna. Ba wani asiri da zai tona.

Lauyoyi sun fi kowa kula da wannan rabe-raben. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ba kowace kalma sashenta. Sashe na 20 ya yi bayanin "admission", wanda ya haɗa da duk wata magana, ta baki ko a rubuce, da ke nuni ga wani abin da ake jayayya a kansa. Sashe na 28 ya ce "confession" shi ne "admission" ɗin da wanda ake tuhuma da aikata laifi ya yi, yana faɗa ko yana nuna cewa shi ya aikata laifin. Ka ga ke nan kowane "confession" "admission" ne, amma ba kowane "admission" ne "confession" ba. Wanda aka kai ƙara kan bashi ya ce e, na karɓi kuɗin, ya yi "admission", kuma a shari'ar da ba ta laifi ba sashe na 123 ya ce abin da ɓangarori suka yarda da shi ba ya buƙatar a sake tabbatar da shi. Wanda ake tuhuma da fashi ya ce ni na yi, ya yi "confession", abin da kotunanmu na shari'ar Musulunci ke kira iƙirari. Sashe na 29 kuma ya ce in aka yi ƙorafin cewa da azabtarwa aka samo iƙirarin, kotu ba za ta karɓe shi ba sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar ba haka aka yi ba. Na kawo wannan ne don ka san cewa a takardar ofis wadda za ta shiga fayil ɗinka, waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Abin da ka sa wa hannu yana iya dawowa gaban kwamitin ladabtarwa bayan shekaru.

Da ni ne zan amsa waccan takarda, "admit" ɗin ma ba zan sa ba. Zan rubuta, "I acknowledge that I arrived late on Monday, and I regret it," in kawo dalilina a jimla ɗaya ko biyu, in yi alkawarin kiyayewa. "Acknowledge" yarda ce ba tare da noƙewa ba, kuma ba ta ɗauke da warin laifi. Shi ya sa ake buɗe wasiƙun ofis da "I acknowledge receipt of your letter", wato takardarka ta iso. Kuma kada ka kuskura ka rubuta "I must admit that I came late" a amsar tuhuma. Wannan "must" ɗin zai nuna kamar da ƙyar aka tatso maganar daga bakinka, ko kuma kana ɗaukar abin da wasa. "I must admit" harshen hira ne da rubutun ra'ayi.

Wani abin mamaki shi ne, da zarar an sa "must" a gaban "confess", nauyin nan duk sai ya zube. "I must confess I have never read it", ko "I must confess I don't like tea", magana ce mai sauƙi, har da ɗan raha a ciki, kamar mutum ya ce, "Kada dai ku yi mini dariya, ni fa ban taɓa karanta shi ba." Bambancinsa da "I must admit" siriri ne. "Confess" ya fi karkata ga abin da ya shafi kai kanka, wata 'yar kasawa ko wani abin da kake jin kunyarsa. "Admit" ya fi faɗi, yana ɗaukar abin da ke wajenka, kamar ƙwarewar wani ko ingancin hujjarsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci za su gane wannan da wuri, domin "je dois avouer" da "il faut admettre" kusan haka suke rabuwa.

"I must admit" da "I have to admit" ma'anarsu ɗaya. Ta farko ta fi yawa a bakin mutanen Ingila, ta biyu a bakin Amurkawa, waɗanda a hira sukan gajarta ta har ta koma "gotta admit", abin da ba a rubutawa a takardar aiki. Abin lura ɗaya ne: "must" ba shi da siffar shuɗaɗɗen lokaci. In labarin jiya kake bayarwa, sai ka ce "I had to admit that she was right." Furucin kuma yana iya zama a farko, a tsakiya ko a ƙarshe: "I must admit, I was afraid", ko "It was, I must admit, a good plan", ko "I was afraid, I must admit." In ka sa "that" ba ka buƙatar waƙafi, in ka cire shi waƙafin ya fi kyau. In ana son a ƙara nuna ciwon abin sai a ce "I hate to admit it, but...". In kuma ana son a nuna ba a jin nauyinsa ko kaɗan sai a ce "I freely admit" ko "I'll be the first to admit".

In ka juya shi ga abokin magana, aikinsa ya sauya. "You must admit" ko "You have to admit" matsa lamba ne: kai ma dai ka san haka ne. Tsakanin abokai ba komai. Ga shugabanka ko wanda ya girme ka, ka guje shi, domin kana ce masa ne ya san gaskiya yana ƙin faɗa.

Ga masu rubuta jarrabawa, WAEC ko NECO ko IELTS, 'yar'uwar wannan furuci da ta fi amfani ita ce "admittedly". Ana kawo ta ne a rubutun muhawara don a ba abokin gardama haƙƙinsa kafin a rushe hujjarsa: "Admittedly, boarding schools are expensive, but they give pupils more time to study." Daidai take da Bahaushe ya ce, "Ban ƙi ta taka ba, akwai tsada, amma fa..." Sharaɗinta shi ne a dawo. Duk wanda ya ji "admittedly" yana jiran "but" ko "however" ko "still". Na sha ganin ɗalibi ya buɗe sakin layi da ita yana nufin "tabbas" ko "babu shakka", ya jera hujjojin ɓangarensa, ya wuce. Mai duba takarda zai ɗauka yaron ya sallama wa ɓangaren da yake yaƙa ne. In tabbas kake nufi, "certainly" ko "clearly" za ka sa.

Akwai kuma "concede", wadda ta fi zama a fagen takara da muhawara, inda ake sallamawa bayan an fafata. Da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ranar 31 ga Maris 2015, tun kafin a sanar da sakamako na ƙarshe, abin da jaridun Turanci suka rubuta shi ne "Jonathan concedes defeat". Ana cewa "admit defeat" ma, amma a zaɓe "concede" ce kalmar da aka saba. A hirar yau da kullum kuma za ka ji "own up", wadda ake yi wa yaro ko wanda ya yi ƙaramar ɓarna ya yi shiru, da "come clean", ga wanda ya daɗe yana ɓoye abu sannan ya fasa ƙwai.

Tunda aikinka ya haɗa da rubutu, ka kula da "admit" lokacin da kake ba da rahoton maganar wani. In ka rubuta "The director said the project was delayed", ka kawo magana ce kawai. In ka rubuta "The director admitted the project was delayed", ka ƙara abu biyu daga aljihunka: cewa maganar gaskiya ce, da cewa darakta ya so ya ɓoye ta. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gargaɗi 'yan jaridarsa a kan haka a ƙa'idojin rubutunsa, cewa kalmar tana iya shafa wa mutum laifin da bai yi ba, kuma "said" ta wadatar a mafi yawan lokuta. Inda ta dace shi ne irin labarin Lance Armstrong, ɗan tseren keken Amurka da ya yi shekaru yana musanta shan ƙwayoyin ƙara kuzari, sannan a Janairun 2013 ya zauna gaban Oprah Winfrey, mai gabatar da shirin hira a talabijin, ya amsa cewa ya sha a duk gasar Tour de France bakwai da ya ci. Ko kamfanin Volkswagen, da a Satumban 2015 ya amsa cewa motocinsa kusan miliyan 11 na ɗauke da manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi. A nan an yi ɓoyo, an kuma fito da gaskiya, "admitted" ta samu wurin zama. A rubutun bayanin taro na ofis kuwa, ka rubuta "admitted" a kan abokin aikinka ba tare da ya yi musu a baya ba, ka jawo wa kanka gaba a banza.

Manya kuma sun ƙware wajen yin kamar sun amsa alhali ba su amsa ba. A Janairun 1987, ana tsakiyar badaƙalar sayar wa Iran makamai, Shugaba Ronald Reagan ya ce wa majalisar dokokin Amurka "serious mistakes were made". An yi kurakurai, amma jimlar ba ta faɗi wanda ya yi su ba. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ma ta shafe shekaru da dama tana sulhu da kamfanoni, su biya tara mai yawa "without admitting or denying", ba su amsa ba, ba su musa ba. In ka ga "without admission of liability" a wasiƙar kamfanin inshora ko ta lauya, ma'anarta ke nan: za mu biya, amma kada a ɗauki biyan a matsayin mun yarda laifinmu ne.

Saura rubutu da furuci. Ƙarfin kalmar a gaɓa ta biyu yake, ad-MIT, kuma ba a cusa wasali tsakanin "d" da "m" kamar yadda harshenmu ke so ya yi, ya ce "adimit". Wannan ƙarfin na gaɓar ƙarshe shi ne dalilin ninka "t" a "admitted" da "admitting", kamar "committed" da "permitted", alhali "visited" da "limited" da "t" ɗaya ake rubuta su, domin ƙarfinsu a gaɓar farko yake. Sunan da ake samu daga kalmar "admission" ne, ko ana nufin shiga ko ana nufin amsawa, kamar a "by his own admission", wato da bakinsa ya faɗa. "Admittance" na shiga wuri ne kawai, ba a amsa laifi da shi.